Tsakanin Maraɗi da Tasawa a Lokacin Marka

Wanda ya bar Maraɗi da hantsi cikin watan Agusta, ya kama babbar hanyar da ta miƙa gabas zuwa Damagaram, zai yi tafiyar kilomita wajen 120 kafin ya isa Tasawa, kuma da wuya idonsa ya sauka a kan ƙasa tsirara. Hatsi ya yi tsawo har ya ɓoye dangar gidaje, wake ya shimfiɗu a ƙarƙashinsa, tabkuna sun cika, awaki duk an ɗaure su a turke don kada su shiga gonar mutane. Gawo kaɗai ne ya kaɗe ganyensa kamar yadda ya saba kowace damina, yana tsaye fari fat a tsakiyar kore. Daga Cadawa zuwa Agye, daga Agye zuwa Gazawa, abin da matafiyi ke gani ke nan ta tagar mota. Idan baƙo ne sai ya yi hamdala, ya ce lalle ƙasar nan ta ƙoshi.

Ɗan gari ba zai yi gaggawar amsa masa ba. Ya san cewa a cikin watanni goma sha biyun shekara babu lokacin da tukunya ke wahalar hawa murhu kamar wannan. Hatsin bara ya ƙare tun bazara a gidaje da yawa, na bana kuwa yana tsaye a gona bai nuna ba, ga noma na biyu yana neman ƙarfin jiki, ga zazzaɓin sauro ya shigo tare da ruwa. Idan mai karatu yana son ya san halin da wani ƙauye ke ciki a wannan hanya, to ya bar duban gona, ya dubi rumbuna. Wanda aka jingine murfinsa a gefe, kaji na shiga suna fita, ya riga ya ba da labarin gidan da ya mallake shi.

Abin mamakin wannan ƙasa shi ne ba matalauciyar ƙasa ba ce a idon ƴan Nijar. Maraɗi ita ce cibiyar kasuwanci, garin alhazai waɗanda suka yi dukiya da gyaɗa tun zamanin Turawa, sannan da fatauci tsakaninsu da Katsina da Kano. Jahar tana cikin waɗanda suka fi noma hatsi da wake a ƙasar baki ɗaya. Amma jama'a ta yi yawa, gandun da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma ne suka raba shi, kuma a kudancin jahar saura ta zama tarihi, ba a barin gona ta huta ko shekara ɗaya. Magidancin da damansa ba su kai shi watanni shida ba, dole sauran shekarar ya ci daga kasuwa, kasuwa kuwa ba ta san maƙwabtaka ba.

Tsofaffin wannan yanki suna ƙidayar shekaru da sunayen yunwa. Akwai Kakalaba ta 1914, wadda babu sauran wanda ya gan ta da ido amma sunanta bai mutu ba. Akwai El Buhari ta 1984, lokacin da fari ya haɗu da rufe iyakar Najeriya. Ta 2005 kuwa kowane magidanci na yau ya san ta. Ruwa ya ɗauke da wuri a daminar 2004, fara ta sauka a wasu yankuna, hatsi kuma ya yi tsada a kasuwannin Najeriya har ya riƙa tsallakawa can maimakon ya shigo. Buhun da akan saya jika 10 ko 12 da kaka ya kai jika 30 a wasu kasuwanni kafin marka. A shekarar nan ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da dubu 60 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jahar Maraɗi. Duniya ta ga hotunan yaran, kuma ya kamata ta gani. Sai dai a bayan kowane yaro da aka ɗora a kan sikeli akwai uwa da ta yi kwana biyu tana shan ruwan fura, akwai uba da ya kasa haɗa ido da ita, su kuma babu sikelin da aka tanada domin auna abin da ke damunsu.

Yunwar babba ɓoyayya ce, domin kunya ta rufe ta. Yaro yana kuka a ji shi, babba kuwa sai ya ce ya ci a waje. Idan abinci ya fara ƙaranci, tuwon dare ne ke fara ɗaukewa, ya koma sau biyu ko sau uku a mako. Daga nan sai a ƙara wa fura ruwa har ta zama ana ganin gindin ƙwarya. Mata su fita tsinkar tafasa da jiga da yaɗiya, a dafa a kwaɗa da ɗan ƙuli idan akwai, ko a haɗa da garin rogo. Idan abin ya ƙara tsanani a koma ga anza, wadda ɗacinta sai an jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa kafin ta ciwu. Duk wannan ana yin sa ne a bayan danga. A bakin hanya kuwa, ka gai da mutum ka ce ina gida, ya ce maka lahiya lau, ina iyali, lahiya lau. Ba ƙarya yake nufi ba, tarbiyya ce: an koya masa cewa rufin asiri ni'ima ce, kuma mai bayyana babu ya zubar da mutuncin gidansu.

Wannan shirun yana da tsada. Magidanci ya wayi gari ya bar gonarsa cikin haki ya tafi ɓarema a gonar mai hali domin ya samo tiya ɗaya ta yini, yana noma yana lissafin cewa tasa gonar tana lalacewa, ma'ana baɗi ma haka za a yi. Da dare barci ya ƙaurace masa. Ya daina zuwa majalisa don kada a ga ramarsa, ko don kada ya haɗu da wanda ke bin sa bashi. Magana kaɗan ta zama faɗa a cikin gida, kuma saki ya fi sauƙi a bakin mutum idan ba shi da abin ciyarwa. Hausa ba ta rasa kalmomin wannan hali ba: damuwa, zullumi, tunani, ɓacin rai, karayar zuciya. Mace za ta je gidan likita ta ce kanta ke ciwo, ƙirjinta ya yi nauyi, jikinta duk ya mutu, a ba ta ƙwayar zazzaɓi ta koma gida, alhali abin da ke cin ta tambaya ɗaya ce da take kwana da ita: me za a ɗora gobe. Wani bincike da aka wallafa a 2017, wanda ya duba bayanan mutane daga ƙasashe 149, ya nuna cewa duk inda ƙarancin abinci ya ƙaru, damuwa da baƙin ciki suna ƙaruwa tare da shi, a ƙasar masu arziki da ta matalauta. Tsohuwar da ke ƙauyen Gazawa ba ta buƙatar a fassara mata wannan.

Nauyin ya fi sauka a kan mata, kuma ya kamata mu maza mu faɗi haka ba tare da kwana-kwana ba. Bayan kaka samari da magidanta suna tafiya cin rani, wasu Kano da Legas, wasu Agadas da Libiya. A gidaje da yawa na wannan yanki al'ada ce maigida ya rufe babban rumbu kafin ya tafi, domin a adana hatsin gandu saboda noman damina. Hikimar a fili take, amma ma'anarta ita ce matar za ta ciyar da kanta da ƴaƴanta watanni daga ɗan abin da ta samu a gamanarta, ko daga sana'ar ƙuli da ƙosai, tana jiran aike wanda wani lokaci yana zuwa, wani lokaci sai dai labari. Gaba da Tasawa, idan an kai Takeita aka karkata kudu, ana shiga ƙasar Kance. Daga can ne mafi yawan mutane 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada kusa da iyakar Aljeriya cikin Oktoban 2013 suka fito, bayan motocinsu sun lalace, kuma kusan dukansu mata ne da yara. Mace ba ta ɗaukar goyo ta shiga Sahara sai zaman gida ya fi mata hamada ban tsoro.

To, da me ƙauyukan nan suke riƙe kansu? Abu na farko tsoho ne, ya girmi kowace ƙungiya. Idan magariba ta yi za ka ga yara suna ratsa lunguna da kwanoni a rufe, daga wannan gida zuwa wancan. Ciyayya ke nan. Kyawunta shi ne ba ta nuna wa ke da shi wa ke babu, domin kowa na aikawa kowa na karɓa, kuma gidan da bai hura wuta ba yau, kwanon maƙwabci zai shiga ba tare da an tambayi dalili ba. Haka bikin mata yake: abin da kika kai wa ƙawarki ranar suna ajiya ce, za ta dawo miki da ƙari ranar taki hidimar. Haka gayya, inda samari ke taruwa su nome gonar marar lafiya ko ta gwauruwa cikin yini guda. Sannan ga zakkar hatsi, dami ɗaya cikin goma ga wanda amfaninsa ya kai nisabi kuma ruwan sama ya shayar da shi. A nan ina da magana. Zakkar tana fita ne da kaka, lokacin da ko marar gona yana samun kala, hatsi kuma ba shi da daraja a kasuwa. Mabuƙacin da ya karɓi damansa a watan Oktoba, sau da yawa kafin azumin tsofaffi ya wuce ya sayar ya biya bashi. Mai hali da zai ware wani abu na sadaka, ban da zakkarsa, ya riƙe shi har marka, tiyarsa ɗaya a lokacin ta fi uku da kaka amfani.

Waɗannan hanyoyi na gado suna da iyaka, domin idan fari ya game gari, mai bayarwa da mai karɓa duk jirgi ɗaya ya ɗauke su. Shi ya sa abin da aka fara a ƙauyukan Maraɗi cikin 1991 ya cancanci a tsaya a kansa. A shekarar ne ƙungiyar CARE ta taimaka aka kafa rukunonin farko na Mata Masu Dubara. Tsarin ba baƙo ba ne ga wadda ta san adashi: mata wajen 25 ko 30 suna haɗuwa sau ɗaya a mako, kowace ta zuba ɗan abin da aka yi yarjejeniya a kai, ko da dala biyar ce ko goma. Ana ajiye kuɗin a akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, mabuɗan suna hannun mata uku daban, akwatin kuma yana ɗakin ta huɗu, saboda haka ba ya buɗuwa sai a gaban kowa. Da yake yawancinsu ba su yi lakwal ba, rukunonin farko da ka suke riƙe lissafi, a faɗa da baki a gaban taro kowa ta ji ta shaida. Mai buƙata ta ranta ta yi sana'a ta mayar, ƙarshen zagaye a fasa asusu a raba. Daga waɗannan ƙauyuka tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta, miliyoyin mutane suna aiki da shi, mafi yawansu ba su taɓa jin sunan Maraɗi ba.

Masu rubuta rahoto kuɗin suke ƙirgawa. Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne tabarmar. Matar da ke cikin kulle, ko wadda aikin daka da ɗiban ruwa ya cinye yininta, ta samu sa'a guda a mako wadda mijinta da surukarta suka yarda da ita, ta zauna cikin ƴan uwanta mata. Idan ba ta zo ba za a tambaya. Idan ta zo ta yi shiru mako biyu, wata dattijuwa za ta ja ta gefe bayan an tashi ta ce, “Ke ɗiyata, wannan ramar ba ta azumi ba ce, faɗa mini abin da ke akwai.” Galibin rukunonin suna da ƙaramin asusu na daban domin rashin lafiya da rasuwa da gobara, wanda ba rance ba ne. Da yawa kuma sun wuce kuɗi sun shiga hatsi: su sayi buhuna da kaka lokacin araha, su ajiye, su buɗe wa junansu da marka a farashi mai sauƙi. Akwai malaman da ke ƙyamar ƙarin da ake ɗorawa a kan rancen asusu, kuma maganarsu tana da tushe da bai kamata a yi wasa da shi ba. Sayen hatsi a ajiye a sayar, ciniki ne da babu wanda ya yi jayayya a kan halaccinsa, saboda haka rukunin da ke son kauce wa shubuha yana da ƙofa a buɗe.

Bankunan cimaka ma a nan suke shigowa. Kusan kowane babban ƙauye a kan hanyar yana da wani ɗaki mai rufin kwano da ƙofar ƙarfe, da allon wata ƙungiya wanda rana ta cinye rubutunsa. Wasu suna aiki, wasu kuwa jemagu ne ke kwana a ciki. Dalilin mutuwarsu kusan ɗaya ne ko'ina: an ba da hatsi bashi ga dangi da masu faɗa a ji, kara ta hana a bi, shekara biyu jari ya narke. Waɗanda suka rayu su ne inda ake sayarwa tiya-tiya da kuɗi hannu, a kayyade abin da gida ɗaya zai saya, a kuma ƙirga buhuna a bainar jama'a. Ba abin mamaki ba ne cewa da yawa daga cikin masu rai a hannun mata suke, domin sun riga sun koyi wannan horo a gaban akwati mai kwaɗo uku.

An ma gwada wannan al'amari da ma'aunin masana. Gwamnatin Nijar ta gudanar da wani shirin tallafa wa gidaje matalauta da jika 10 kowane wata, kuma a cikinsa aka yi wani gwaji da gidaje fiye da 4,000, wanda aka wallafa sakamakonsa a mujallar Nature cikin 2022. Ban da waɗanda aka ware domin kwatantawa, dukan matan an sa su a rukunin asusu an koya musu sana'a. Wasu aka ƙara musu jari na jika 80 a dunƙule. Wasu kuwa ba a ba su jarin ba, sai aka yi musu horon mako guda a kan yarda da kai da tsara buri da iya magana a cikin gida, aka kuma nuna wa garin duka wani fim da dare, maza da mata da dattawa, aka zauna aka tattauna a kan sana'ar mata da taimakon juna. Wasu suka samu duka biyun. Bayan shekara ɗaya da rabi, duka rukunonin sun fi waɗanda ba a ƙara wa komai a kan tallafin wata-wata ba samun kuɗi da wadatar abinci da kwanciyar hankali, kuma idan aka auna da abin da aka kashe, hanyar horo da tattaunawa ita ta fi riba. Wato ƙarfafa zuciyar mace, da sa mijinta da garinta su tsaya mata, yana ƙara abin da ke shiga tukunya.

Maza fa? Su ne suka fi ƙarancin wurin da za su sauke abin da ke ransu. Samari suna da fada, inda ake dafa shayi ana raha, kuma fadoji da yawa suna da ɗan asusunsu na taimakon wanda ya shiga matsala. Magidanci kuwa masallaci ne wurinsa, sau biyar a yini. Liman da ladan sun fi kowa sanin wanda ya daina fitowa sallar asuba, da wanda ke saurin sulalewa bayan sallama. Wa'azin haƙuri gaskiya ne, amma idan shi kaɗai aka ba mai jin yunwa, sai ya ɗauka cewa damuwarsa raunin imani ce, ya ƙara kulle bakinsa. Limamin da ya aika yaro da tiya biyu bayan isha'i, ba tare da kowa ya gani ba, sannan ya bi sawu da kansa washegari ya zauna a zaure ya saurara, ya yi wa mutumin nan abin da huɗuba goma ba za su yi ba. Akwai kuma matakin da ya wuce ƙarfin maƙwabci da malami. Wanda ya daina ci ko da an kawo abinci, ya daina wanka, yana magana shi kaɗai, ko ya fara cewa mutuwa ta fi masa, ko mai jegon da ta juya wa jaririnta baya, wannan ciwo ne da ke da magani. A yi masa addu'a, a kuma kai shi gidan likita, kada a ɗaure shi da mari a ƙuryar ɗaki. Likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne a ƙasar, mafi yawansu kuma a Yamai suke, tafiyar fiye da kilomita 600 daga nan, saboda haka ma'aikacin jinya na kusa shi ne ƙofar farko, kuma dangi su gaya masa duka labarin, har da na rumbu.

Kafin a shiga Gazawa, idon matafiyi zai lura da yawan itatuwa a cikin gonaki, ƙalgo da sabara da gawo da aduwa, abin da babu shi haka a shekarun fari. Tun daga 1983 aka fara yaɗa abin da manoma ke kira sassabin zamani a jahar Maraɗi, wato a bar tohon kututture ya girma a riƙa yi masa aski maimakon a sare a ƙone. Ƙauyen Ɗan Saga da ke ƙasar Agye ya yi suna a kan haka, har da kwamitin tsaron itace. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da eka mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar ta wannan hanya. Ga matar da ke cikin marka, ma'anar wannan ita ce itacen da za ta ɗaure ta kai bakin hanya ta sayar ta auno tiya, da ganyen miya da ba sai ta yi tafiyar rabin yini ba.

Tasawa tana tarbar matafiyi da tabkunanta da suka cika har bakin gidaje. A ƙarshen Satumba yara za su fara shigowa da tumu, a gasa a murza a ci da ɗumi, fuskoki su saki. A makonnin nan ne kuma masu bin bashi ke fitowa, ƴan kasuwa su kafa sikeli a bakin kowace kasuwar ƙauye, farashin tiya ya faɗi ƙasa warwas, magidanci ya auna rabin abin da ya noma domin ya biya abin da ya ci da marka, da kayan sallar yara, da auren da aka ɗaga sai kaka. A daidai wannan lokaci ne matan asusu ke buɗe akwatinsu su aiki biyu daga cikinsu kasuwa da amalanke, su sayo buhunan da za a rufe a ɗaki, ba za a sake taɓa kwaɗon ba sai hatsin baɗi ya kai gwiwa.